Kukar Abu Rof

Ranar Talata da la'asar Yalwa ta sauko bakin tur'a, magudanar da ke shayar da gonaki, da tulunta, ta iske Mato zaune a kan 'yar gadar siminti yana jefa tsakuwa cikin ruwan da ke tafiya gonakin auduga.

Kwana tara ke nan da ya aika kawunsa wurin mahaifinta, Malam Yakubu. Kwana tara kuma shiru.

Tun kafin ta buɗe baki ya ga amsar a fuskarta.

Ta ajiye tulun, ta tsaya nesa da shi kaɗan saboda masu wucewa. Ta ce Baba bai ce yana da mugun hali ba. Ya ma yabi sallarsa. Abin da ya ce shi ne Mato ba shi da wuri. Ya bar makarantar Kamlin a aji huɗu, ya yi wata uku a injin gurzar auduga, ya yi wata biyar a kasuwar Madani, yanzu kuma an ce yana Khartum a bakin kogi. Wanda bai zauna wuri ɗaya ba, ina zai ajiye 'yar mutane?

"Abdussalami fa?" in ji Mato, idonsa na kan ruwa, yana nufin ɗaya mai neman aurenta.

"Ka san abin da yake da shi. Hawasharsa, gonar nan tasa, ta fi ta kowa auduga a ƙauyen nan, ga lori. Jiya ya aiko da sukari da shayi da atamfa." Ta yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. "Kai kuma kullum ka dawo daga birni sai ƙullin garin kuka. Matan gidanmu mai kuka suke ce maka."

"Ai kun sha."

"Mun sha. Kakata Iya ba ta yarda a taɓa mata tuwo da wata miya in dai akwai taka."

Ta ce Baba ya rantse ba zai ba da ita ga wanda ba ta so ba, amma kuma ba zai ba Mato ba, ko da za ta yi furfura a ɗakin Iya. Shekararta ashirin da ɗaya. Sa'o'inta duk da goyo. In ta fita tsinkar auduga sai ta ji hira ta mutu da zarar ta iso.

"Na gaji da zama abin magana, Mato. Ban gaji da kai ba. Amma ka gaya mini abin da zan ce wa Baba, don ni na rasa."

Ya so ya ce mata shekara biyu ke nan yana wuri ɗaya, yana koyon ƙirar jirgin ruwa a hannun wani tsoho a Umdurman, tsallaken kogi daga Khartum. Ta sani. Malam Yakubu ma ya sani, sai dai a wurinsa duk abin da ba gona ba ne yawo ne.

Ta share ido da gefen mayafi, ta duƙa tana cika tulu. Ta ce jibi Alhamis Abdussalami zai kai kakarta Iya Indo, mahaifiyar Baba, wurin likitan ido a Khartum, da ita da Baba za su raka ta. Za su sauka gidan wani ɗan'uwa a Ishash, unguwar Hausawa. In sun dawo Baba zai ba Abdussalami amsa.

Ya taimaka mata ta ɗora tulun. Har ta juya, sai ta tsaya.

"Iya ta ce in sake tambayarka inda kake samo kukar nan."

"Na gaya mata har sau biyu. Unguwar Abu Rof a Umdurman, bayan masu ƙera jirage."

"Ni ma na ce mata haka. Ta ce dai in sake tambaya."

*

Ranar Juma'a da hantsi Mato ya yi sallama a gidan da suka sauka. Ya samu an riga an ga likita tun jiya. Idon hagu ya tafi. Na dama saura ɗan haske, shi ma likita bai ba shi fiye da shekara ba.

Iya Indo na zaune kan angarib, gadon igiya, tana shan shayi kamar ba ita aka gaya wa ba.

"Wa nika ji? Mai kuka ne?" ta ce. "Matso in gan ka tun ina iyawa, kar a ce mini daga baya kyakkyawa ne in yarda."

Malam Yakubu ya amsa gaisuwarsa a taƙaice, bai ɗago ba. Abdussalami kuwa ya ba shi hannu da fara'a, don shi mutum ne da ba ya ganin Mato a matsayin abokin takara. Ya sa farar jallabiya mai guga, makullin lori na yatsansa. Ya ce tun da Allah ya kawo Habboba, wato Kaka da Larabcin ƙasar, birni, yau sai ta ga Khartum kafin a koma.

Iya ta ce ta yarda, amma mai kuka ya hau baya, in lori ta mutu a samu mai turawa.

Haka aka yi. Iya da Malam Yakubu a gaba tare da Abdussalami, Yalwa da matar mai masaukinsu a baya kan buhunan dawa, Mato can ƙarshe yana riƙe da ƙarfe.

Abdussalami bai yi ƙyashin mai ba. Ya bi da su titin bakin kogi ƙarƙashin manyan itatuwa, ya nuna musu fadar gwamnati da sojojin da ke ƙofarta, da babban otal inda Turawa ke shan iska a baranda. Ya tsaya gidan namun daji ya kama hannun Iya har gaban zaki.

Zakin na barci. Iya ta leƙa ta leƙa, ta ce ita dai tabarma take gani an yar a rana.

Da suka fito ya tambaye ta ko fadar ta burge ta. Ta ce fari ne dai, komai na garin nan fari ne, kamar an zuba mata nono a ido. Sai ta tsaya cak a bakin lori, ta ƙi hawa.

"Yaro, ka yi ƙoƙari, Allah shi yi maka albarka. Saura wuri guda. A kai ni inda aka ɗebo kukar da nika sha."

Malam Yakubu ya ji kunya. Ya ce Iya, mutum ya bar aikinsa ya kawo ki birnin sarauta, ke kuma itacen miya za ki nema? Abdussalami ya yi dariya ya ce ai babu kuka a Khartum, sai can Kordofan, wataƙila a kasuwa ake saye a ce an ɗebo.

"Akwai guda ɗaya," in ji Mato daga baya.

Duk suka waiwayo. Wannan ne karo na farko da Malam Yakubu ya dube shi a ranar.

*

Suka haye gadar Farin Nilu. Mato ya buga rufin lori ya ce a rage gudu, ya ce wa Yalwa ta dubi dama. Can ƙasa ruwa biyu ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya fari-fari, ɗaya mai duhu, sun haɗu amma kowanne na riƙe da launinsa har nesa.

"Mai duhun nan shi ne namu," ya ce. "Shi ya wuce ta Kamlin. Wata rana in na yi kewar gida nakan zo in tsaya nan."

"Gida kake kewa?" ta tambaya ƙasa-ƙasa, matar mai masauki na jin su.

"Wani ɓangare na gida."

Ta ja mayafi ta rufe baki.

Ya nuna mata tsibirin Tuti a tsakiyar ruwa, inda ake shiga da kwalekwale a iske gonakin lemun tsami da shanu na juya na'urar ban ruwa kamar ba a gaban birni ake ba. Da suka sauka Umdurman ya nuna mata ragowar ganuwar ƙasa a bakin kogi, da ramukan da aka ce ta nan ake leƙo da bindiga a zamanin da. Ba wanda ke tsayawa kallonta sai awaki. Ya ce akwai wani lungu a kasuwa da ba a sayar da komai sai duwatsun wuya, in Allah ya yarda wata rana. Bai ƙarasa ba, ita ma ba ta ce ya ƙarasa ba.

A Abu Rof hanya ta matse, lori ta kasa shiga. Abdussalami ya dubi lungun ya dubi buhunan dawarsa, ya ce shi zai jira a nan, su yi sauri kada Juma'a ta wuce su. Matar mai masauki ma ta ce ƙafarta na ciwo.

Su huɗu suka shiga. Mato a gaba, Yalwa na riƙe da hannun Iya, Malam Yakubu a baya yana jan carbi.

Tun ba su ga ruwa ba suka fara jin bugun guduma. Sai ƙamshin ɗanyen itacen bagaruwa da aka tsaga ya taso.

Iya ta tsaya. Ta ɗaga hanci kamar mai neman inda ake suya. Sai ta zare hannunta daga na Yalwa, ta wuce Mato, ta kama hanyar da ta gangara hagu ba wanda ya nuna mata.

"Iya, a hankali," in ji Yalwa.

Ba ta ko waiwayo ba.

Suka ratsa tsakanin jirage da ba a gama ba, haƙarƙarinsu a sama. Wani tsoho mai zarto ya ɗago ya kira Mato da suna cikin Larabci, ya ce yau Juma'a ce me ya kawo shi, ko ya zo ne ya gyara ƙusar da ya lanƙwasa jiya. Ya gai da Malam Yakubu, ya ce idan shi ne uban yaron nan to Allah ya ba shi ɗa, shekara biyu bai taɓa fashi ba sai da izini. Malam Yakubu ya ce ba shi ba ne, ya wuce.

Bayan tarin katako, a wani ɗan tudu da ba a gani daga hanya, ga kukar nan tsaye ita kaɗai. Ba ta kai irin waɗanda tsofaffi ke ba da labari ba, amma mutum biyu ba za su rungume ta ba. An kewaye gindinta da ƙaya don awaki. Ƙasan a share tas.

Daga gabas da ita, wajen kogi, akwai 'yan duwatsu jere, an shafa musu farar ƙasa.

Mato ya cire takalmi. Yau dai yana da abin nunawa da Abdussalami ba shi da shi.

"Ga masallacina, Baba," ya ce. "Da na zo na iske duwatsun sun nutse cikin yashi. Na ce lalle wani Bahaushe ya taɓa zama nan, don mu ne ke jera dutse mu yi wurin salla. Sai na tone su na share. A nan nake azahar da la'asar."

Iya ta riga ta durƙusa. Tana bin duwatsun da tafin hannu ɗaya bayan ɗaya, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Tsawonsu duka bai wuce kamu biyu ba. A kan na ƙarshe, wani baƙi mai tsaga a tsakiya, hannunta ya tsaya.

"Ba masallaci ba ne," ta ce.

Guduma na ta bugawa can baya.

"Yakubu. Zo ka gai da yayanka."

Carbin ya tsaya a hannun Malam Yakubu. Ya san an haifi wani kafin shi, Ibrahim, wanda ya rasu a hanya tun iyayensa ba su iso Jazira, ƙasar audugar da ƙauyensu yake, ba. Sau ɗaya tak mahaifinsa ya taɓa faɗa masa. Iya kuwa ba ta taɓa ba. Ɗan fari ne. Ba ta kama sunansa yana raye ba, ba ta kama bayan ya mutu ba, ba ta kuma iya buɗe baki ta ce wa kowa a kai ta inda yake.

Ko yanzu ba ta dubi kowa ba. Dutsen take yi wa magana.

Ta ce shekara arba'in da huɗu ke nan. Da ƙafa suka taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar Makka, suka yi shekara biyu a hanya, suna noma wa mutane suna ƙara gaba. Lokacin babu gada, a nan ake jiran jirgin fito. Yaron na da shekara uku. Zazzaɓi ya kama shi kwana huɗu, ba ya karɓar komai sai 'ya'yan kuka da ta ƙullo masa, yana tsotsa. Ba su san kowa ba a garin. Wani mai ƙera jirgi ya ara wa mijinta abin haƙa.

"Da munka buɗe hannunsa, guda ukku na ciki. Na tura su cikin ƙasa nan wajen. Ban yi hawaye ba, mutane na kallo. Da safe jirgi ya zo munka shiga."

Ta ce ba ta taɓa sanin ko sun tsiro ba. Sai bara waccan da yaron nan ya kawo ƙullin kuka, ya ce daga Abu Rof, bayan masu jirage.

Yalwa ta tuna. Kwana uku Iya ta yi a ɗaki ba ta ci abinci ba, aka ce zazzaɓi ne. Rana ta huɗu ta fito ta kaɗa miyar da hannunta.

Malam Yakubu ya juyo ga Mato. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Shekara biyu kana salla kana fuskantar kabari."

"Ban sani ba, Baba."

"Ka hau bishiyar nan ka diro a kansa. Ka tsinke abin da ya tsiro daga gefensa ka kawo gidana muka ci. Da ka zauna makaranta da ka san bambancin kabari da masallaci."

Mato ya dubi ƙafafunsa marasa takalmi. Sau nawa ya diro daidai wurin nan da buhun ganye a kafaɗa, yana murna zai kai wa Yalwa? Ya ji komai ya zube. Da bakinsa ya ce akwai guda ɗaya, da ƙafarsa ya kawo su.

"Baba, don Allah," in ji Yalwa, hawaye na sauka ba ta share ba. "Wa zai gaya masa? Mu da muke jininsa mun sani? Ni ko labarinsa ban taɓa ji ba sai yau."

"Ke yi shiru."

"Kai za ka yi shiru," in ji Iya.

Ta miƙa hannu, ba wajen ɗanta ba. Mato ya ɗan jima kafin ya gane shi take nufi. Ya durƙusa ta dafa kafaɗarsa ta miƙe, ba ta kuma sake shi ba.

"Shekara arba'in da huɗu, duk damina in ruwa ya cika sai in ce ya tafi da shi. Duk salla sai in ce ga shi can cikin baƙi, ba mai ce masa sannu. Kai malami ne, Yakubu, ka san hukunci, ka gyara masa sallarsa. Ni abin da na sani, na zo na iske an share masa ɗaki. An kare shi daga awaki. Kullum sau biyu wani na zama kusa da shi yana karatu da harshen da ya saba ji a bayana."

Ta numfasa.

"Miyar kuwa, da sanina na sha. Ban goye shi ya girma ya yi mini noma ba. To ga shi ya ciyar da ni shekara biyu. Wanga yaro ne ɗan aikensa."

Wani jirgi mai filafili ya wuce ƙasa da su ɗauke da tubali.

Malam Yakubu ya daɗe tsaye. Sai ya sunkuya ya cire takalmansa, ya ajiye su kusa da na Mato. Ya tsuguna gaban duwatsun ya yi sallama, ya kira sunan da uwarsa ba ta iya kira. Da Iya ta ji sunan sai ta juya fuska wajen kogi, yatsunta suka nutse a kafaɗar Mato.

Suka yi addu'a su huɗu. Da aka shafa, Malam Yakubu ya zauna yana murza farar ƙasar da ta manne masa a yatsa.

"Wa ya shafa wannan?"

"Ni ne. Duk bayan damina nake sakewa."

"Kullum kana nan?"

"In dai ina birni. Ga rumfar aikinmu can, ga ɗakin da nake kwana bayanta."

Malam Yakubu ya dubi rumfar, ya dubi ƙayar da aka kewaye bishiyar da ita, an ɗaure ta da igiyar jirgi ƙulli-ƙulli, aikin wanda ba ya gaggawa. Ya ce daga yau ya mai da wurin sallarsa arewa da bishiyar, inda ba komai a gabansa sai kogi. In zai hau kuma ya hau ta yamma. Mato ya ce to.

Can bakin lungu aka ji hon ɗin lori, sau biyu, sannan sau uku.

Malam Yakubu ya miƙe ya sa takalmi. Ya ce Abdussalami mutumin kirki ne, ya ɗauko su a motarsa bai karɓi ko sisi ba, kuma shi Malam Yakubu ne zai zauna gefensa tun daga nan har Kamlin yana neman bakin da zai yi masa magana. Wannan nauyin ba wanda zai ɗaukar masa.

Yalwa ta dubi Mato.

Ya kama hannun uwarsa daga kafaɗar Mato a hankali, ya fara tafiya da ita. Sai da ya kai wajen tarin katako ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Na ce ba ka da wuri. Ban san kai ke tsaron namu ba." Ya gyara rawaninsa. "Ka ce wa kawunka ya zo Juma'a mai zuwa bayan an sauko. Ya zo da goro."

Iya ta ja hannun ɗanta ta tsayar da shi.

"Ba na barin nan hannu wofi," ta ce. "Mai kuka, mi kake jira? Hau ta yamma."

Mato ya kama reshe. Da ya kai sama ya leƙo, sai ya ga Yalwa tsaye a gindin bishiyar ta ware gefen mayafinta da hannu biyu, fuskarta jiƙe, tana jiran ganyen farko.